Sunan Mahaifin Ige

Shekara huɗu Ige na kwana ɗakin yara a gidana, Mabera,
ni ina kwana asibiti, ina ƙirga ɗigon ruwa a hannun baƙi.
Duk ƙarshen wata gwamnati kan yanki nata
tun albashina bai iso hannuna ba.
Ban taɓa ganin wuƙar ba, tabon nake gani a takarda.
Na Ige kuwa a dunƙule nake miƙa mata bakin murhu,
wani watan ran biyar, wani ran sha biyu,
wani in ce, Ige, haƙuri, ba a yi mana ba tukuna.

Abokiyar aikina ce ta tsorata ni:
wai duk wanda ya ɗauki mutum aiki,
ko raino ne, ko shara,
akwai abin da ke wuyansa.
Sai na tari keke ran Talata, rana na narka kwalta,
zuwa ofishin masu karɓar haraji.

Malam Ladan, fanka na juyi bisa kansa ba ta kawo iska,
ya turo mini takarda da biro mai igiya.
Sunan ma'aikaci. Na rubuta Ige.
Sunan mahaifi.
Biro ya tsaya.

Matar da ta san Haidara ba ya shan kunu sai da tsamiya,
ta san kukan yunwa, ta san na shagwaɓa,
ta goya shi har zanenta ya koɗe a gadon baya,
ni ban san sunan ubanta ba.
Garinsu fa? Wajen Kware, na ce.
Waje ba gari ba ne, Hajiya, bai ko ɗago kai ba.
Ranar da ta fara aiki?
Na dai tuna albasa ta yi araha a makon.

Sai muka zo kan kuɗi. Nawa a wata?
Na faɗa ƙasa-ƙasa,
kamar marar lafiya mai nuna ciwon da ke ƙarƙashin zane.
Ya danna na'urar lissafi, ya sake dannawa,
ya cire tabarau ya goge da bakin riga.
Wanga bai kai inda haraji ka kamawa ba, ya ce,
ba mu da komi ciki.
Amma ki riƙa rubutawa: rana, adadi, sa hannunta.
Aiki aiki ne, ko tsakar gida anka yi shi.

Na zaci zan yi murna.
Na fito da jakata yadda na shiga da ita,
ko sisi bai fita ba, sai nauyi da ta ƙara.
Kuɗin da hukuma ta duba ta kau da kai
su nake miƙa wa Ige, har ina jiran godiya.

A shagon bakin titi na sayi littafin 'yan makaranta,
mai layi arba'in.
Na iske ta tana shanya wandunan Haidara,
maƙalai biyu a baki.
Ige, wane ne sunan babanki?
Ta tofar da su a tafi. Lafiya, Anti? Wani ya rasu?
Na ce lafiya lau.
Dikko, ta ce, Dikko mai shuka albasa, Hamma'ali.
Ya rasu shekarar da na zo nan.
Na tambaye ki kwana uku, kika ba ni biyu.

Na rubuta Dikko. Na rubuta Hamma'ali.
Gurbin adadi na rubuta na da,
na soke shi, na rubuta wani,
na sa ranar biya: ashirin da takwas, ko an yi mana ko ba a yi ba.
Ta ce, to gwamnati nawa za ta ci?
Na ce, in ya kai, zan gaya miki, kuma ni zan kai musu.

Na shafa mata tawadar biro a babban yatsa,
ta danna, bai fito sosai ba,
wanki ya cinye zanen.
Za ta sake ke nan Haidara ya farka.
Ta saurara.
Na yunwa ne, ta ce, ta wuce ciki,
ta bar ni da littafi a buɗe.